Sanƙarau da ruwan laka: An buɗe ƙofar karatu, ta rubutu kuwa sai da dala

A Jimeta ba sai an duba kalanda ba kafin a san lokacin sanƙarau ya kawo jiki. Tun daga watan Disamba iskar hunturu ke kwaso ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, kafin Maris ya ƙare kuma zafin kwarin Binuwai ya haura maki 40. A unguwanni masu cunkoso irin su Gwadabawa da Limawa da Rumde da Luggere, inda jama'a da yawa ke kwana ɗaki guda, uwa ba ta raina zazzaɓin da ya zo da ciwon kai da amai a wannan tsakanin. Idan kuwa wuyan yaro ya sandare, to zancen ya wuce na mai kemis, sai Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya.

A can, abin da zai raba gardama ɗan ruwa ne da bai cika cokali ba. Za a kwantar da majinyaci a gefensa, a naɗe shi har gwiwoyinsa su kusa taɓa ƙirji, a soka siririyar allura tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya wajen ƙugu, a tari abin da ke ɗiga cikin kwalba. Ruwan lakar mai lafiya garai yake kamar ruwan sama. Idan ya fito a gurɓace kamar ƙasari, likita ya san ƙwayoyin cuta sun isa tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya rage masa awoyi ne, ba kwanaki ba. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya fito da wannan dabara a 1891, har yau kuma ita ce madogara.

Tsakanin 1 ga Oktoban 2023 da 11 ga Maris ɗin 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 1,742 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a jihohi bakwai: Adamawa, Bauchi, Gombe, Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara. Mutum 153 suka rasu. Waɗanda gwajin ɗakin bincike ya tabbatar da cutar a jikinsu 101 ne kacal. Wannan tazara tsakanin zato da tabbaci ita ce bakin zaren wata magana da ba kasafai ake yin ta a ofisoshin Abuja ba: ilimin da ake tatsowa daga wannan ruwa, a ina ake rubuta shi, wa ke iya karanta shi, wa kuma ke da halin ƙara nasa a kai?

Ruwan da katangar

Ƙwaƙwalwa ba a kan ƙashi take zaune ba, iyo take yi. Babban mutum na ɗauke da kusan mililita 150 na wannan ruwa a kowane lokaci, a cikin kogunan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa da kewayenta har zuwa ƙarshen laka. Jiki na samar da kusan rabin lita a kullum, wato ana sabunta shi sau uku ko huɗu kafin gari ya sake wayewa. Yana tare ƙwaƙwalwa daga buguwa, yana kwashe dattin da aikinta ke bari.

Katangar kuwa an gano ta ne ta hanyar rini. A 1885 Paul Ehrlich ya ɗura wa dabbobi launi a jijiya, ya ga dukkan sassan jiki sun rine ban da ƙwaƙwalwa. Almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913: ya zuba launin cikin ruwan laka, sai ƙwaƙwalwa ta rine, sauran jiki bai rine ba. Ashe akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Daga baya aka fahimci cewa ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a manne suke da juna gam, ba sa barin komai ya ratsa sai abin da suka zaɓa, kamar sukari da iskar shaƙa.

Rahama ce, amma mai tsada ga likita. Shingen da ke hana guba shiga shi ne ke hana magani shiga. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 98 cikin ɗari na ƙananan sinadaran magunguna ba sa ƙetare shi. Shi ya sa ba kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta ke aiki a kan sanƙarau ba. Ceftriaxone na shiga, musamman idan tantanin ya kumbura, gentamicin kuwa da ƙyar yake leƙawa. Ma'aikacin lafiyar da bai san wannan bambanci ba zai iya yi wa yaro allura kwana uku da zuciya ɗaya alhali maganin bai taɓa isa inda cutar take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya ke mutuwa, cikin biyar kuma ɗaya ke tashi da tabo na dindindin: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi ko na fahimta.

Ba sanƙarau kaɗai ke wasa a wannan fili ba. Zazzaɓin cizon sauro da ke taɓa ƙwaƙwalwa, wanda ke sa yaro suma da fizge-fizge a damina, shi ma rikici ne a bakin wannan katanga. Wani bincike da aka yi a Blantyre ta ƙasar Malawi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka buga a 2015, ya nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na yaran da suka mutu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa, alhali cikin waɗanda suka rayu kashi 27 ne. Haka jariran da ake gani da kai yana ta girma saboda ruwan ya rasa mafita. A Mbale ta Uganda, likitan tiyata Benjamin Warf ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na irin waɗannan jarirai cutar da suka kamu da ita bayan haihuwa ce ta jawo, ba halitta ba, ya kuma ɓullo da aikin da ke buɗe wa ruwan hanya ba tare da dasa robar da kan toshe ba. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin yara a Arewa ya ga waɗannan kawuna.

Fagen kuma bai tsufa ba. A 2012 ne ayarin Maiken Nedergaard a Jami'ar Rochester ta Amurka ya bayyana yadda ruwan ke ratsa ƙwaƙwalwa yana wanke ta, shekara guda bayan haka suka nuna cewa wankin ya fi ƙarfi lokacin barci. A 2015 aka bayyana magudanan da ke cikin tantanin ƙwaƙwalwa, waɗanda littattafan koyarwa suka daɗe suna cewa babu su. Likitan da ya gama makaranta kafin wannan lokaci, idan ba ya karanta sababbin maƙalu, da tsohuwar taswira yake tafiya.

Abin da aka sani, aka kulle

Arewacin Najeriya ba baƙo ba ne a tarihin wannan ilimi. Tun 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da aka sani da zirin sanƙarau, wanda a yau ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. A shekarun 1970, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu 'yan ƙasa suka yi nazarce-nazarcen da har yau ake kafa hujja da su, musamman a kan annobar da ta auka wa Zariya a 1977. Yaran Zazzau ne suka ba da ruwan. Maƙalun kuwa a mujallun Landan aka buga su, waɗanda sai ɗakin karatun da ya biya kuɗin shekara ke samu. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, jami'o'in ƙasar nan suka kasa biyan wannan kuɗi, kantocin ɗakunan karatu suka tsaya cak a kan tsofaffin fitowa.

Annobar 1996 ita ce mafi muni da aka rubuta a ƙasar nan. Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa sun ƙidaya mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu. Rahoton nasu ya fito a shekarar 2000 a mujallar wata ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Birtaniya, ita ma ta masu biyan kuɗi. A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, amma jama'a ba su san abin da ke ciki ba sai a 2006, da jaridar Washington Post ta samu kwafi. Wannan kullen ba na wani kamfanin ɗab'i na ƙetare ba ne, na durowar ofis ne. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Laberiya ma ta ɗanɗana irin wannan. A watan Afrilun 2015, bayan Ebola ta yi ɓarna, babbar jami'ar lafiyar ƙasar, Bernice Dahn, da wasu abokan aikinta biyu suka rubuta a jaridar New York Times cewa sun gano wata maƙala ta 1982 da masu binciken Jamus suka buga, wadda ta yi gargaɗin cewa akwai alamun cutar a jinin 'yan Laberiya. Babu ɗan ƙasar ko ɗaya cikin marubutan, kuma kuɗin sauke maƙalar ya yi wa likitan ƙasar nauyi. Gargaɗin ya yi shekara 32 a kwance.

Irin wannan takaici ne ya haifi yunƙurin buɗe ɗab'in ilimi. A Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, wadda ta nemi a sa sakamakon bincike a intanet kyauta ga kowa. Ta Balin ta biyo baya a 2003. A 2002 ɗin ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin HINARI domin cibiyoyin ƙasashe matalauta su samu mujallun lafiya kyauta ko da rahusa. A fagen da ake magana a kai, an kafa mujallar Cerebrospinal Fluid Research a 2004 a ƙarƙashin kamfanin BioMed Central, a 2011 aka faɗaɗa ta aka sake mata suna Fluids and Barriers of the CNS. Duk abin da ta buga a buɗe yake. Ɗalibar koyon jinya a Yola, da wayarta da datar naira ɗari biyar, tana iya karanta abin da farfesa a Oxford ke karantawa a rana guda. Shekara talatin baya wannan tatsuniya ce, kuma bai kamata a raina shi ba.

Kuɗin ya koma kan marubuci

Sai dai kura ba ta sauya hali don an sauya mata suna. Kamfanonin ɗab'i ba su daina karɓar kuɗi ba, mai biya ne ya canza. A da mai karatu ke biyan dala 30 zuwa 50 kafin ya buɗe maƙala guda. Yanzu marubuci ne ke biya kafin a buga masa. A mujallu irin wadda aka ambata kuɗin ya haura dala dubu biyu, mujallar Nature kuwa da ta buɗe wannan hanya a 2021 Yuro 9,500 ta yanka.

A Boston ko Stockholm wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin kuɗin na cikin tallafin binciken tun farko, ko kuma jami'a ta riga ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin. A Yola lissafin daban ne. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura 1,500. Dala dubu biyu ta zama naira miliyan uku. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kuɗin buga maƙala guda ya zarce albashin wata 42 na ƙaramin ma'aikaci. Likitan da ke neman ƙwarewa, wanda ya kwashe shekara biyu yana bin fayil-fayil na yaran da aka kwantar da sanƙarau, yana sayen kwalabe da sinadarai daga aljihunsa, ba shi da inda zai samo wannan.

Akwai afuwa, amma ma'auninta ya bar Najeriya a rana. Manyan kamfanoni kan yafe kuɗin kai tsaye ga marubutan ƙasashen da Bankin Duniya ya sa a rukunin mafi ƙarancin samu. Nijar na cikin wannan rukuni, Najeriya kuwa tana rukunin da ke sama da shi. Saboda haka likita a Maradi na iya samun afuwar da takwaransa na Katsina ko Yola sai ya rubuta takardar roƙo, a duba, a ba shi ragi ko a hana, alhali iska guda ce ke kaɗo musu ƙura, ƙwayar cuta guda ke kwantar musu da yara. Arzikin man fetur da ake lissafawa da sunan ƙasa bai taɓa biya wa wani mai bincike a Jimeta kuɗin ɗab'i ba, amma shi ne ya hana shi afuwa.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya zauna a kwamitin ƙarin girma. Wasu ayyukan suna ƙarewa a kundin da aka ɗaure da baƙin bango aka ajiye a kanta, gara ta gaje su. Wasu marubutan kan nemi Bature abokin aiki wanda jami'arsa za ta biya, sau da yawa kuma sunan mai biya ne ke komawa wurin da ya fi daraja a jerin marubuta. Wasu kuma, da yake ƙa'ida ta ce sai da adadin maƙalu kaza za a ɗaga mutum, sai su faɗa hannun mujallun bogi, masu karɓar dala ɗari su buga komai cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar ƙarya da ya cika da kurakurai da gangan ga mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mai binciken da ya faɗa wannan rami ya yi asara biyu: kuɗinsa ya tafi, aikinsa kuma, ko da na gaske ne, ba wanda zai kafa hujja da shi.

Asarar ba ta tsaya kansa ba. Wane nau'in ƙwayar cuta ke yawo a Adamawa bana? Wane magani ya fara daina ji? Yara nawa ne suka kurumce bayan an sallame su? Amsoshin suna cikin rajistar asibitoci da kan ma'aikatan da ke wurin. Idan ba a buga su inda za a gani ba, masu tsara jagororin magani a Janeba da Abuja za su yi aiki da abin da suka samu daga wasu wurare. Mujallar a buɗe take ga mutumin Gwadabawa ya karanta labarin ƙwaƙwalwar ɓeran ɗakin gwaji a Amurka, amma labarin ɗansa ba ya ciki.

An buga a buɗe, ba a karanta ba

Zai zama rashin adalci a ɗora wa kamfanonin ɗab'i laifin duka, domin akwai misalin da ke nuna cewa buɗe ƙofa ba ya sa a shiga. Allurar MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi a kan ƙasa da rabin dala kowace guda, ta fara aiki a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a ƙarshen 2011, ta kuma kusan shafe nau'in A wanda ya yi ɓarnar 1996. Sai wani ya maye gurbinsa. A 2013 da 2014 aka ga ɓullar sabon jinsi na nau'in C a jihohin Sakkwato da Kebbi. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinsu suka rubuta abin da suka gani, aka buga a 2014 a PLOS Currents, inda ba a biyan ko kwabo kafin a karanta. A 2015 wannan jinsi ya auka wa Yamai.

Duk da haka, daga Disambar 2016 zuwa Yunin 2017 nau'in C ya kwantar da mutum 14,518 a Najeriya, ya kashe 1,166, akasari a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, allurar da ta dace kuma ba ta wadata ba lokacin da aka fi bukatarta. Cikin waɗanda ake zaton sun kamu, waɗanda aka gwada samfurinsu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Gargaɗin na nan a intanet shekara biyu kafin nan, kyauta, da Turancin da kowane darakta ke ji. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda aikinsa ne ya karanta, ya mayar da shi takardar shafi guda, ya ajiye a teburin mai sa hannu kafin a rufe kasafin kuɗi.

An ɗan koyi darasi. Dokar da ta kafa Hukumar NCDC ta samu sa hannu a Nuwamban 2018, ɗakin gwajinta na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja na karɓar samfura daga jihohi, tana kuma fitar da rahotannin halin da ake ciki a shafinta. A Maris ɗin 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar, a zamanin Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate. Amma alƙaluman da aka fara da su, 101 cikin 1,742, na nuna cewa kwalbar ruwan laka har yanzu ba ta cika isa inda ya kamata ba. Wani lokaci babu allurar ɗiba, wani lokaci babu kwalbar da ke riƙe ƙwayar cutar da rai a zafin hanya, wani lokaci kuma iyaye ne ke ƙi, saboda jita-jitar cewa ɗibar ruwan baya na gurgunta yaro ko ƙarasa shi. Da yake sau da yawa sai ciwo ya ci ƙarfi ake kawo yaro, mutuwar da cutar ta jawo sai a jingina ta ga allurar.

Nan ma buɗaɗɗen ɗab'i na da wata fa'ida da ba a cika cin moriyarta ba. Lasisin CC BY da irin waɗannan mujallu suka saba amfani da shi ya halatta wa kowa ya kwafa, ya fassara, ya rarraba, muddin ya ambaci masu aikin. Babu abin da ya hana sashen wayar da kai na wata ma'aikata ya ɗauki sakamakon bincike ya juya shi zuwa Hausa da Fulfulde, a karanta a gidan rediyo a Yola, ko a ba limamai da masu unguwanni. Izinin an riga an bayar, ba a bukatar wasiƙa zuwa Landan.

Abin da ke kan teburin Abuja

Ƙasashen da suka fi kashe kuɗi a bincike sun fara gajiya da tsarin biya-a-buga. Tun 2008 cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka wajabta cewa duk binciken da aka yi da kuɗinsu a ajiye kwafinsa a rumbun PubMed Central. Gidauniyar Gates, wadda ta daɗe tana biya wa waɗanda take tallafawa kuɗin ɗab'i, ta sanar a 2024 cewa daga Janairun 2025 ta daina, sai dai su fara sakin rubutunsu a rumbunan da ke buɗe. A Nuwamban 2021 ƙasashen UNESCO, har da Najeriya, suka amince da shawarar buɗe kimiyya, wadda ta ƙarfafa hanyoyin da ba na neman riba ba. Brazil kuwa tun ƙarshen shekarun 1990 ta gina SciELO da kuɗin hukuma domin mujallunta na gida.

Najeriya ba daga sifili za ta fara ba. A dandalin African Journals Online, wanda aka fara a 1998, babu ƙasar da ta kai ta yawan mujallu. Annals of African Medicine da ke fitowa daga Sakkwato tana cikin PubMed, ana kuma karanta ta kyauta. Irin waɗannan mujallu da guminsu suke rayuwa: edita farfesa ne da ke aikin bayan ya tashi daga asibiti, fitowa kan makara, shafin intanet kan mutu idan ba a biya kuɗin shekara ba. Naira miliyan ukun da za a tura waje domin maƙala guda za ta yi wa ɗayansu aiki mai yawa.

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa kuma harajin da kamfanoni ke biya ke ciyar da shi, yana ba da tallafin bincike, yana kuma tallafa wa mujallun manyan makarantu. Kuɗin jama'a ne. Layi guda a takardar bayar da tallafi, cewa duk abin da aka gano da wannan kuɗi sai an ajiye kwafinsa a rumbun jami'a inda kowa zai gani, ba ya bukatar dala ko ɗaya. Haka Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun jami'o'i na da ikon cewa a wajen ƙarin girma ingancin aiki za a duba, ba adireshin mujalla ba, domin muddin sunan ƙetare ya fi maki, malami zai ci bashi ya biya.

Akwai kuma wani giɓi da tsarin mulki da kansa ya haƙa. Jami'a na ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, asibitin koyarwa na ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, Asibitin Ƙwararru da ƙananan cibiyoyin unguwanni kuma na jiha ne da ƙananan hukumomi. TETFund manyan makarantun gwamnati yake yi wa hidima. Likita ko jami'in ɗakin gwajin da ke asibitin jiha a Jimeta, wanda shi ne ya fi kowa ganin masu sanƙarau da idonsa, ba ya cikin masu cin gajiyarsa idan ba malamin jami'a ba ne. A Yola akwai Jami'ar Modibbo Adama da asibitinta, akwai Jami'ar Amurka ta Najeriya da ɗakin karatunta na zamani, akwai asibitin jiha, duk a tazarar da Keke Napep ke ci cikin ɗan lokaci, amma kowanne da ma'aikatar da yake kai wa rahoto.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince a Babban Taron Lafiya na Duniya na 2020 da taswirar kawar da annobar sanƙarau kafin 2030. Taswirar ta ginu a kan riga-kafi, gano cuta da magani, sa ido, kula da waɗanda suka nakasa, da wayar da kai. Sa ido ba ya yiwuwa sai an ɗebi ruwan, an gwada, an rubuta, an kuma ajiye inda na gaba zai samu. Ana miƙa kasafin kuɗin tarayya ga Majalisa ne a watannin ƙarshen shekara, daidai lokacin da ƙurar hunturu ke fara sauka a kan rufin kwanon Gwadabawa.